Yadda muka gano abin da ya hana esin motata sanyi

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura maki 40, esin motata ya ɓullo da wani hali. Idan na hau titin Zariya ina gudu, sanyi har sai na rage shi. Da zarar na faɗa cunkoson cikin gari, ko danja ta tsayar da ni, sai sanyin ya janye a hankali, iska mai ɗumi ta biyo baya, har riga ta manne mini a baya. In na samu fili na taka, sanyi ya dawo. Motar ƙarama ce ta Japan, ƙirar 2006, 'yar Kwatano, kuma tun da na saye ta ba a taɓa taɓa esinta ba.

Duk wanda na ɗauka a motar magana ɗaya yake yi: gas ya ƙare, a je a ƙara. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Gas ɗin esi zagayawa yake yi a cikin rufaffiyar hanya, ba ƙonewa yake ba. Kwamfiresa ta matse shi ya yi zafi, ya shiga kwandensa da ke gaban lagireto, iska ta kwashe zafin ya zama ruwa, ya bi ta wani ɗan matsattsen bawul ya fantsama cikin ibaporeta da ke bayan dashbod, a nan ya yi sanyi ƙarara, fankar ciki ta huro mana. Daga nan ya koma kwamfiresa. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Kuma gas ɗin da ya zube ba zai dawo don na taka totur ba, alhali sanyina yana dawowa. Wannan ne ya sa na buɗe bonet a ƙofar gida kafin in je wurin kowa.

Na tada mota, na sa yarona ya danna maɓallin esi ina tsaye a kan injin. Na ji ƙas, na ga farantin gaban kwamfiresa ya kama yana juyawa tare da fambel. Ke nan fis da rile da kulocin kwamfiresa suna aiki. Na taɓa bututu biyun da ke shiga cikin mota: mai kaurin ya fara sanyi har da ɗan raɓa, siririn kuwa ya yi zafin da ba a iya riƙe shi. Can sai kwamfiresa ta saki, mai kaurin ya huce. Sannan na lura da abin da ya fi komai muhimmanci. Motar fanka biyu gare ta a bayan lagireto, kuma in an kunna esi ya kamata duka su juya. Ɗaya tana ta aiki, ɗayar a tsaye cik.

Da wannan na tafi wurin wani dattijo mai gyaran esi da wani abokin aikina ya yi mini kwatancensa. Na same shi a inuwar darbejiya yana wanke wata kwandensa.

"Baba, sannu da aiki. Esi ne yake ba ni sanyi a kan hanya, ya hana ni a gosulo."

"Yawwa Alhaji, sannu da zuwa. An taɓa ƙara mata gas?"

Na ce a'a. Ya ce alhamdu lillahi, an rage masa aiki. Bai nufi tulun gas ba, gejin auna matsin gas ya ɗauko, mai agogo biyu, shuɗi da ja. Ya ɗaura shuɗin a bututu mai kauri, jan a siririn, mota a kashe. Alluran biyu suka tsaya wuri guda, sama da 120. Ya ce wannan ya nuna akwai gas a ciki, amma bai nuna yawansa ba, don ko kaɗan ya rage, muddin akwai ruwansa, haka agogon zai nuna a irin wannan zafi. Aka tada mota. Shuɗin ya sauko wajen 40, daidai ke nan. Jan kuwa, wanda a zafi irin namu ya kamata ya zauna tsakanin 200 da 250 ko sama kaɗan, sai ya yi ta hawa, ya wuce 300, ya wuce 400, kwamfiresa ta yanke da kanta. Akwai wata 'yar na'ura a jikin bututun da ke yanke wuta idan matsin ya yi yawa, don kada tiyo ya fashe.

Sai Baba ya ɗauki butar alwalarsa ya tsiyaya ruwa a fuskar kwandensa. Ina kallo allurar ja ta zubo ƙasa, kwamfiresa ta sake kamawa, na zura hannu ta taga na ji sanyi yana fita. Ruwan buta ya yi aikin da iskar titi ke yi idan ina gudu. Ban taɓa ganin gwaji mai sauƙi da gamsarwa irin wannan ba, kuma kowa zai iya yin sa a gida.

Saura a san me ya tsayar da fankar. Ya duba fis ɗinta, lafiya. Ya musanya rilenta da wani irinsa a akwatin, shiru. Ya ƙwanƙwasa bayan ɗan injin da ke juya fankar da ƙotar sukundireba, sai ta yi wani juyi a kasale ta sake tsayawa. Ya ce burushin cikinta ne ya cinye. Don ya tabbatar, ya ja waya kai tsaye daga batir, ta yi irin wancan juyin na gajiya. Yaronsa ya hau babur zuwa Ƙofar Ruwa ya samo mana wata, muka gwada ta a batir kafin a ɗaura.

Da aka ciro fankokin ne muka ga abin da ke tsakanin kwandensa da lagireto: ƙurar hunturun shekaru, da gashin kaza, da guntayen leda, sun dunƙule kamar tabarmar kaba. Ko fanka sabuwa ce ba za ta ja iska ta cikin wannan ba. Ya wanke ta daga ciki zuwa waje da ruwa marar ƙarfi, ya gargaɗe ni kada in bari masu wankin mota su sa mata injin feshi kusa, domin siraran ganyayyakin alminiyon nan lanƙwashewa suke yi su toshe hanyar iska. Matatar iska da ke bayan akwatin dashbod ma mun zaro ta ta yi baƙi ƙirin, muka canza.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amsar da ya ba ni da na tambaye shi me zai faru da an ƙara gas ɗin. Ya ce matsin da ya riga ya yi yawa zai ƙaru, kwamfiresa ta riƙa yankewa da wuri, in aka ci gaba ta mutu, kuma ita ce mafi tsada a duk kayan esi. Ya nuna mini wata 'yar takarda a ƙarƙashin bonet da ban taɓa kula da ita ba: an rubuta irin gas ɗin, R134a, da nauyin da motar ke ɗauka, kusan rabin kilo. Awo ake yi a sikeli, ba da ido ba. Ba na jin daɗin yadda ake yi wa mutane ɗurin gas a bakin titi ba tare da an nemi yoyo ba, mutum ya biya yau, bayan wata guda ya sake biya. Inda yake yoyo yakan nuna kansa, don man kwamfiresa yana fita tare da gas, ƙura ta manne a wurin ya yi danƙo. Ruwan sabulu ma yana tona shi da kumfa. In an gyara, sai an zuƙe iska da danshin da suka shiga da injin zuƙa na kamar rabin awa kafin a zuba sabo, in ba haka ba danshin ya daskare a bakin bawul ya toshe shi.

Ya kuma ja kunnena a kan irin gas ɗin. Tsofaffin motoci R12 suke sha, wanda aka daina bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin sama, aka koma R134a a shekarun 1990, sababbin motoci da yawa kuma yanzu R1234yf ne. Ba a gauraya su. Akwai masu zuba gas ɗin firji mai kama wuta saboda arha, a motar da ba a ƙera ta don shi ba. Shi kansa R134a ba abin wasa ba ne, ruwansa yana tafasa a maki 26 ƙasa da sifiri, in ya fantsama a fata ko ido ƙona shi yake yi saboda tsananin sanyi.

Da aka mayar da komai, muka bar motar a tsaye cikin rana tana aiki. Jan agogon ya zauna wajen 230 bai motsa ba, ma'aunin zafin da ya soka a bakin iska ya sauka zuwa maki 8. Gas ɗin ba mu taɓa shi ba. Kafin in tafi ya zura ma'auni a tsakanin farantin kuloci da fulin kwamfiresa, ya ce ratar ta fara faɗi, in wata rana na ji esi ya ƙi kamawa bayan inji ya yi zafi, in kawo ta a zare ɗaya daga cikin siraran zobban ƙarfen da ke bayan farantin, a matso da shi.