Godiya daga gidanmu na Tawa: Baba ya dawo

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da la'asar Baba ya iso Tawa bayan kwana 40 a Yamai. An yi masa aikin sankarar hanta, an yanke ɓangaren hantar da ƙarin ya tsiro. Yana shan kununsa, har ya koma yi wa jikoki faɗa a kan rediyonsa.

Goggonmu ta Bukoki, ke da kika bar mana ɗakinki kika koma kwana kan tabarma, Allah ya saka da Aljanna. Samarin da suka ba da jini ba su ko san Baba ba, da abokansa na kasuwa da suka haɗa jikkunan aiki cikin kwana biyu, mun gode.

Amma godiyar da ta fi yi mini nauyi ta likita ce. Da aka ce sankarar hanta ce, magana ta fara yawo. Wasu suka ce sammu, wasu kuma, Allah ya yafe musu, suka ce ko Alhaji yana kurɓawa a ɓoye. Ga shi gwajin ciwon hanta na B da C bai nuna komai ba.

Likita ta zaunar da mu, ta ce: "Baba, ciwon sukarinka da ƙiba ne suka kawo mu nan." Ta yi zane a takarda. Cikin kowace ƙwayar hanta akwai ƙananan murahu, mitokondiriya, inda ake ƙona kitse ya zama ƙarfi. Masu aikin murhun sinadarai ne da ake kira enzim. Ɗaya daga ciki, CPT1, shi ke buɗe wa kitse ƙofa. Idan sukari da kitse suka yi yawa shekara da shekaru, murhun ba ya iya cinyewa. Kitse ya taru, wutar ta riƙa fitar da guba kamar hayaƙin ɗanyen itace, ta ƙona ƙwayoyin har ta taɓa DNA, wato kundin gadon da ke cikin kowace ƙwaya. Hanta ta kumbura, ta yi tabo, a cikin tabon ƙari ya tsiro, ko mutum bai taɓa sanin warin giya ba.

Ranar na ga Baba ya ɗaga kai. Takardar nan Inna ta adana ta cikin akwatinta.

Akwai sauran komawa awon ekogarafi, wato hoton ciki, da na jini, a ci gaba da sa mu a addu'a. Masu zuwa gaisuwa, bayan la'asar ya fi. Don Allah kada a zo da lemun kwalba; Baba bai iya cewa a'a ba.