Wunin da na yi a Wusasa

Wata Asabar cikin hunturu na shiga mota a tashar Kawo, Kaduna, na nufi Zariya. Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, kuma tun ranar da muka binne ta addu'a ta gagare ni. Ina zuwa sujada, ina rera waƙa tare da kowa, amma idan na durƙusa ni kaɗai a ɗaki sai bakina ya yi nauyi. Lokacin da take kwance na yi azumi, na kwana ina roƙo, ba ta tashi ba. To me kuma zan ce wa Ubangiji?

A Wusasa aka yi mata baftisma tana yarinya, kuma ta sha cewa za ta kai ni in ga wurin, Allah bai nufa ba. Muka wuce Mararrabar Jos da Jaji, hazo ya lulluɓe gonaki, kara a tsaye bayan girbi. Na sauka a Ɗan Magaji, ɗan acaba ya ƙarasa da ni.

Tarihin na riga na san shi daga bakinta. Likita Mila, Baturen mishan na CMS, wato ƙungiyar mishan ta Anglican, ya zauna cikin birnin Zazzau tun 1905, sannan a 1929 aka mayar da mishan bayan gari, nan Wusasa. A cikin wannan jama'a Janar Yakubu Gowon ya taso. Amma jin labari daban, tsayuwa gaban tsohuwar majami'ar St. Bartholomew daban. Ginin ƙasa ne irin namu, bango mai kauri, a ciki kuma ga bakan gizo ya ɗauke rufin kamar zauren wani basarake. Da na shiga sai sanyi da ƙamshin ƙasa suka tarbe ni. Na daɗe ina jin masu cewa Bahaushe ba ya zama Kirista sai ya bar Hausancinsa. Da za su shigo nan su ɗaga kai sama, ina ga za su sake tunani.

Ba kowa ciki sai wata tsohuwa, da zanen zumuntar mata a jikinta, tsintsiya a ajiye gefe. Tana zaune, ido a rufe, ba ta cewa komai. Na zauna can baya. Da ta buɗe ido na matsa na gaishe ta.

"Sannu, Mama. Na katse miki addu'a."

"A'a ɗana, ai ba ta katsewa. Daga ina?"

Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina zayyana mata komai, har da abin da ban faɗa wa fastona ba: cewa ina jin haushin Allah. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce ita ma ta binne 'ya'ya biyu. Sannan ta tambaye ni, lokacin da mahaifiyata ke raye, duk zuwan da nake yi wurinta roƙon wani abu ne ke kai ni? Na ce a'a, wani lokaci zama kawai muke yi tana gyaran wake. Ta ce, "To shi ma je ka zauna. Haushin ma kai masa, ai Dauda ya kai nasa."

Gaskiyarta. Zabura cike take da kukan mutanen da suka tambayi Allah har yaushe, kuma manzo Bulus ya rubuta wa Romawa cewa idan ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Na san waɗannan ayoyi tun makarantar Lahadi, amma shekara da shekaru na mai da addu'a takardar cefane, in jera buƙatu in tashi.

Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara. Ni kuwa na durƙusa. Na yi kusan rabin awa ba kalma ko ɗaya, sai hawaye. Can na ji bakina ya kama wadda mahaifiyata ta koya mana a kan tabarma: Ubanmu wanda ke cikin sama. Da na kai wurin "a aikata nufinka" na tsaya, na kasa wucewa. Sai a karo na uku na iya faɗinta.

Da la'asar na fito, rana ta yi ja a bayan duwatsu. Tsohuwar ta raka ni bakin ƙofa, ta tambayi sunan mahaifiyata, ta maimaita shi sau biyu don kada ta manta, ta ce in gaida mutanen Kaduna.