A Aikin Daji Suke Zubewa

A sashen nazarin muhalli na jami'ar da nake taya koyarwa a Amurka, duk shekara sai an zauna kan yadda za a ƙara yawan ɗalibai baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da na ƙabilun asali. A buga hotunansu a takardun talla, a watse. Amma ni abin da na gani, suna shigowa ajin farko ba laifi. Wajen fita aikin daji ne suke zubewa.

Dalili na farko kuɗi ne. Wanda zai ci gaba a wannan fanni sai ya yi hutun bazara yana taya wani malami bincike, sau da yawa ba ko sisi. Ga takalmin shiga ruwa, ga tanti, ga mota. Yarinyar da ta fi kowa iya bambance kukan tsuntsaye a ajinmu, a kanti ta yi hutunta, don ita ke taya uwarta biyan haya. Daga baya sai a duba takardunta a ce ba ta da gogewa.

Na biyun ya fi nauyi. Ƙirgar tsuntsaye da asuba ake yi, kai kaɗai, da madubin hangen nesa a wuya, a gefen gonar wani. Bature ya yi haka, mai bincike ne. Baƙar fata ya yi, sai a kira 'yan sanda. Ranar 25 ga Mayun 2020 wata mata ta kira wa wani baƙar fata mai suna Christian Cooper 'yan sanda a lambun shaƙatawa na Central Park da ke New York, yana kallon tsuntsaye, don kawai ya ce ta ɗaure karenta. Daga nan aka fara Black Birders Week, wato makon baƙaƙen fata masu kallon tsuntsaye. Ɗalibanmu ba su yi mamaki ba, malamai ne suka yi.

Ba sabon ciwo ba ne, tun 1996 ƙungiyar masana muhalli ta Amurka ta kafa shirin SEEDS saboda irin waɗannan ɗalibai. Mu dai abin da ya yi mana aiki ƙanana ne: a biya mai taya bincike, a ajiye takalma da tantuna na aro, a fita bibbiyu da riga mai tambarin jami'a, kuma malami da kansa ya buga wa mai gona waya tun daren jiya. Wasu malaman sun yi ƙorafin wayar nan, wai ɓata lokaci ce. Bana dai an sa kuɗin tantunan a kasafin sashe.