Hoton Muhammad Ali na 1964

Yau da la'asar, ina cikin neman tsofaffin hotunan shahararrun mutane a intanet, sai na ci karo da hoton Muhammad Ali a Legas a shekarar 1964, watanni kaɗan bayan ya doke Sonny Liston ya karɓi kambun damben duniya. Yana sanye da babbar riga, jama'a sun yi masa caa, shi kuwa yaro ne ɗan shekara 22 wanda ƙuruciya ke zuba a fuskarsa.

Na daɗe ina kallon hannunsa, domin ni Alin da na fara sani shi ne na Atlanta a 1996, lokacin da ya kunna wutar gasar Olympics hannun nan yana karkarwa saboda cutar Parkinson. Marigayi mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin karawarsa da George Foreman a Kinshasa a 1974, har yakan miƙe yana kwatanta naushin, mu kuwa mu yi ta dariya. Sai yanzu na lura cewa ba ni da ko hoto ɗaya na Baba yana saurayi.