Ranar da na rubuta "an university"

Ƙa'ida ɗaya aka ba mu a aji, ni kuma na haddace ta tsaf: idan kalmar Turanci ta fara da wasali, wato a, e, i, o, u, sai a sa "an" a gabanta, idan kuma da baƙi ta fara, sai a sa "a". Da ita na ci jarrabawa iri-iri, ban taɓa zaton akwai rami a cikinta ba. Sai ranar da na rubuta takardar neman aiki, na miƙa wa yayata ta duba min. Ta zagaye wuri ɗaya da biro, ta ce, "Kai, karanta min wannan da ƙarfi."

Na karanta: "an university."

"Da wane sauti kalmar ta fara?"

Na ce, "Yu."

"To, y wasali ne?"

Na ce, "Amma Yaya, ai u aka rubuta." Ta ce ita ba rubutu ta tambaye ni ba, abin da ya fito daga bakina ta tambaya.

Ashe ƙa'idar ba ta harafi ba ce, ta sauti ce. Shi ya sa ake cewa "a university" da "a European", don dukansu da sautin y suke farawa. Haka "a one-way ticket", don "one" a baki "wan" ne. A ɗaya ɓangaren kuma akwai "an hour" da "an honest man", saboda h ɗin nan a takarda kawai take zaune, ba a furta ta. Kalmomi ne da Turanci ya aro daga Faransanci, ya aro su da h ɗinsu mara murya. Kuma kalmar da ke biye nan take ita ce ke yanke hukunci, ba sunan da ake magana a kansa ba: "a house", amma "an old house".

Inda na fi jin daɗin abin shi ne gajerun sunaye. Ɗauki NGO da NATO, duka da N suka fara. Amma NGO harafi-harafi ake karanta shi, "en-ji-o", don haka "an NGO". NATO kuwa a dunƙule ake furta shi kamar kalma, sai ya zama "a NATO summit". Haka "an SMS" da "an MBA", amma "a UN report". Lambobi ma ba su tsira ba: "an 18-year-old", amma "a 16-year-old". Duk wanda ke bin ido kaɗai, nan zai yi ta tuntuɓe.

Daga baya na gano wani abu da ya ba ni mamaki. Na ɗauka "a" ce asali, aka ƙara mata n don gyaran furuci. Ashe akasin haka ne. "An" ce uwa, daga tsohuwar kalmar Turanci mai nufin "ɗaya" ta fito, sannu a hankali n ta faɗi a gaban baƙaƙe. Su kansu Turawan sun ruɗe a hanya. Kalmar "apron" a da "napron" ce, mutane suka riƙa jin "a napron" kamar "an apron", har n ta yi ƙaura. "Nickname" kuma ta ci riba: "an ekename" ce a da, ta sace n ɗin maƙwabciyarta. Har yau ba su daidaita duka ba, don a Amurka ana cewa "an herb" ba tare da furta h ba, a Ingila kuma "a herb".

Ina ganin akwai dalilin da ya sa abin ke ba mu wuya mu Hausawa. Na farko, ba mu da irin wannan kalma ta dole. "Wani" da "wata" suna kusa, amma "na sayi littafi" ya cika ba tare da su ba. Na biyu, kalmominmu irin su "aiki" da "ido" da 'yar hamza muke fara su, don haka wasula biyu ba sa karo a bakinmu. Bature kuwa haɗe kalmomin yake yi, "an idea" ta fito kamar kalma ɗaya. Shi ya sa kuskuren ke sosa kunnensa, mu kuma bai dame mu ba.

Akwai kuma inda ba a sa ko ɗaya, kamar "advice" da "information", don ba a ƙirga su. Wannan zance ne na wata rana.

Sai dai kunne ma yana yaudara idan furucinka ne da matsala. Na daɗe ina furta "heir", wato magaji, da h a gaba, kamar "hair", wato gashi. Na bi shawarar Yaya sak, na karanta da ƙarfi, na rubuta "a heir" hankalina kwance. Ita ce dai ta sake zagaye min shi.