Akwatin gem a kicin ɗin Yaya: abin da aikin ya koya mini

Shekarata goma sha ɗaya ina kafinta, na fara a hannun Masta ina share ƙurar zarto, yanzu ina da ɗan shagona a Sokoban, nan Kumasi a Gana, inda aka maida kafintocin unguwar Anloga, kuma yawancin aikina kabad ɗin kicin ne da wadrob. To amma aikin da ya fi koya mini sana'ar ba na kwastoma ba ne, na yayata ce da ke unguwar Asawase, kuma ko sidi ɗaya ban karɓa ba.

Yaya waakye take sayarwa, wato shinkafa da wake irin na Gana. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san tun ƙarfe uku na dare ake tashi, da yamma kuma tana kicin tana tsince wake, tana soya shito, wato baƙin yajin da ake ci da shi, tana dafa ƙwai da taliyar gobe. Yaranta uku ne, maza biyu da auta mace. Mazan da sun taso daga makarantar Islamiyya sai su sulale gem senta, wani lokaci har bayan Isha'i ba a gan su ba, ga kuɗin da ke ɓacewa daga gwangwanin canji. Ta yi faɗa, ta yi duka, babansu ya yi nasa, duk a banza. Rannan ina zaune ina cin tuwo a wurinta ta ce, "Ƙanena, wai abin nan da suke bi ba za a iya kawo shi gida ba ne, inda idona zai riƙa ganinsu?" Na ce za a iya Yaya, a falo. Ta ce a'a, ita ba ta zama a falo, a kicin take so.

Ni dai ɓangaren katako na sani, na waya kuwa wani abokina mai gyaran waya a Adum ne ya riƙe mini hannu. Shi ya nuna mini Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta da girmanta kamar na katin banki ne, 'yan Ingila suka fara fitar da ita a 2012. Mun yi amfani da Pi 4, aka sa mata RetroPie a katin memori, shi ne manhajar da ke kunna tsofaffin wasanni. Sai wani ɗan allo da ake ce wa enkoda, shi ke karɓar wayoyin botin da na sandar wasa ya miƙa wa Pi ta USB kamar dai fad ɗin gem. Gaskiya haɗa wannan bai wuce yini ɗaya ba. Abin da ya cinye wata biyu akwatin ne, wato ɓangaren da nake ganin na ƙware.

Na samo zane a intanet na irin dogon akwatin nan na asali wanda ake tsayawa a gabansa, irin na Pac-Man da kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1980, tsayinsa ya kusa ƙafa shida. Na yanka shi da katakon MDF saboda ya fi araha kuma yana shan fenti sumul, na yi masa baƙi da ja, wallahi ya yi kyau, yaran shago har hoto suka yi da shi. Muka ɗora a aboboya, babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, sai Asawase. Da ƙyar ya shiga ƙofa. Da muka tsayar da shi a lungun da na zaɓa sai ƙofar firiji ta daina buɗewa gaba ɗaya, rabi kawai take yi ta bugi gefensa. Yaya ba ta ce ya yi muni ba, ta tsaya ta dube shi sannan ta ce, "To babbar tukunyar ina zan riƙa sauke ta?" Ashe wannan lungun da na gani kamar fili ne banza, nan take sauke tukunyar waakye da zafinta kullum asuba. Na sha shiga kicin ɗin nan ba adadi amma ban taɓa shiga da asuba ba.

Duk da haka ta yi haƙuri da shi don yara. Sati uku ya yi a wurin, ƙasansa ya fara kumbura. Kicin ɗin mai sayar da abinci sau biyu sau uku ake wanke daɓensa a rana, ga damina a Kumasi da iska ma kanta jiƙe take, shi kuma MDF garin katako ne da gam aka matse, in ruwa ya shiga ta bakin yanka sai ya tashi kamar burodi kuma ba ya komawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan. Kullum ina hana kwastoma sa MDF a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Amma da yake a kaina gem nake ginawa ba kayan kicin ba, sai na ajiye duk abin da na sani game da kicin na bi zanen wani mutum da ya yi nasa don ɗaki busasshe mai kafet.

Na je na faɗa wa Masta, ya tsufa yanzu ba ya riƙe zarto amma har gobe in abu ya ɗaure mini wurinsa nake zuwa. Ya saurara tsaf ya ce, "Kai ɗakin ka auna ko matar?" Na ce ɗakin mana Masta. Ya ce in koma in zauna, kar in ɗauki tef.

Kwana uku ina zuwa ina zama a kan turmi a bakin ƙofa, rana ɗaya ma a can na kwana don in ga asuba. Abin da na gani da yawa. Yaya tana da hanya guda da take bi, daga murhun gas zuwa famfo zuwa firiji, tana yinta ko ba ta duba ba, sau da yawa da tukunya mai tafasa a hannu, duk abin da ya tsaya a wannan hanyar ko yaro ne ko katako haɗari ne. Tururi kuma yana da tasa hanyar, yana tashi daga murhu ya bi bango ya nufi taga, za ka gane ta da maiƙon da ya manne a fenti, ka shafa yatsa ka ji. Bango ɗaya ne kawai ba maiƙo, wanda ke bayan ƙofar shiga, nesa da silindar gas, nesa da famfo, kuma daga gaban murhu in ta ɗan juya wuya tana ganinsa. Faɗinsa santimita 70 ne kacal.

Daga nan na watsar da zanen intanet. Na ce akwatin ba zai taɓa ƙasa ba sam, a bango zai rataya kamar kabad ɗin sama, zurfinsa daidai da sauran kabad ɗinta don kada ya turo kai. Teburin botin ɗin na sa masa hinji, in an gama wasa a naɗe shi sama ya rufe sikirin, wanda ya shigo sai ya ɗauka wurin ajiye kwanuka ne. Na yi shi da filawud mai kauri milimita 18, na rufe duk bakin yanka, na liƙa fomeka kalar da ke jikin kabad ɗinta. Kafin in yanka katako ko ɗaya sai da na yi shi da kwali na manna a bango da selotef na kwana biyu, na ce ta yi aikinta ta gaya mini in ya dame ta. Ta ce a ɗaga shi kaɗan don guiwar hannunta na taɓa shi in ta ɗauko tsintsiya. Da katako ne wannan gyaran sai an sake huda bango, da kwali minti biyu ne. Tsayin kuma rigima ce tsakanin babban yaron da auta, a ƙarshe na bi tsayin kantar kicin, wajen santimita 90, na yi wa auta 'yar kujerar takawa da ke shigewa ƙarƙashin kantar.

Wurin huda botin ma na yi asarar katako ɗaya. Botin iri biyu ne a kasuwa, irin na Japan da ake turawa ya maƙale yana son rami milimita 30, irin na Amurka mai dogon wuya da noti yana son 28. Na huda 28 tun kafin kaya su iso, suka zo 30 ne, ga kuma irin na Japan ɗin an yi su ne don faranti siriri, a katako mai kauri kunnuwansu ba sa kamawa sai an rage kaurin ta ƙasa. Tun daga ranar ba na huda komai sai abin da zai shiga ramin yana hannuna, ko hannun ƙofa ne. Botin shida na sa wa kowane ɗan wasa, saboda Street Fighter II na Capcom da ya fito a 1991 haka yake so, uku naushi uku shuri. Sandar wasan kuma tana da wani faranti a ƙasa mai ƙayyade inda za ta lanƙwasa, ko kusurwa huɗu ko takwas, Pac-Man huɗu yake so, in ka bar shi a takwas sai ka ga ya ƙi shan kwana yaro ya yi ta kuka wai abin ya lalace.

Sai maganar zafi, wadda ta fi ba mu wahala. Pi 4 yana ɗaukar zafi, in ya kai wajen digiri 80 da kansa yake rage gudu, wasa ya fara tsinkewa. Abokina ya sa fanka kamar yadda kowa ke yi. Bayan 'yan makonni muka buɗe, fukafukan fankar sun yi danƙo da maiƙo da ƙura, ita da kanta take zuƙo hayaƙin suya tana shafa wa na'urar. Muka cire ta muka sa Pi a gidan alminiyam wanda jikinsa ke shanye zafin ba tare da fanka ba, na huda ramuka a ƙasa da sama don iska mai zafi ta fita da kanta. Ramukan kuma sai da na rufe su da ragar sauro, don kyankyaso ba abin da yake so kamar wuri mai ɗumi da duhu kusa da abinci, duk mai gyaran rediyo ya san wannan. Sikirin ɗin tsohon na kwamfutar ofis ne mai kusan murabba'i, ya fi dacewa da tsofaffin wasanni fiye da faffaɗan talabijin na yanzu, na sa masa roba mai garai-garai a gaba don a riƙa gogewa da tsumma da ruwan sabulu.

Wuta ma ta koya mana. Sau biyu aka ɗauke ana cikin wasa, katin memorin ya rikice ya ƙi tashi, don Pi ba ya son a yanke masa wuta haka kawai, sai an kashe shi ta hanyarsa. Yanzu akwai ɗan UPS a ciki, wato batir mai riƙe wuta in an ɗauke, da kati na biyu da muka kwafa, na manne shi da selotef a jikin murfi. Layin wutar kuma ban taɓa shi ba, mai wayarin na kira ya jawo soket daban mai layin ƙasa, bolt 230 kusa da jiƙaƙƙen hannu ba wurin gwada iyawa ba ne, kuma 'ya'yan yayata ne za su tsaya a gabansa ba takalmi.

Akwai abu ɗaya da na cire da gangan. Akwatunan asali suna da ramin jefa kwabo, kuma masu yin na gida suna son sa shi don ado. Mijin Yaya da ya ga zanen farko ya haɗe rai, ya ce shi ba za a kawo masa injin caca gida ba, don a idonsa ba shi da bambanci da injunan jakfot ɗin nan da ke lungu-lungu suna cinye kuɗin yara. Na yi masa bayani cewa wannan ba a cin komai a cikinsa, amma na ga gaskiyarsa, yaron da ya saba jefa kuɗi a rami yana jiran abu ya fito ba ka san inda sabon zai kai shi ba. Sai na sa botin fari kawai a madadin kwabon. Na kuma sa makulli a gefe mai yanke botin ɗin duka, da abin rage ƙara, dukansu a ɓangaren da hannun Yaya ke kaiwa. Makullin yana ɗaure a bakin zaninta tare da na akwatin kuɗi. In aka kira salla ko ba a gama aikin makaranta ba, murɗawa ɗaya ne, ba ihu ba bulala.

Yanzu wata takwas ke nan yana rataye. Ba zan ce yaran sun daina leƙa gem senta kwata-kwata ba, amma yawancin yamma suna nan, kuma dokar gidan ita ce sai ka tsince kwano ɗaya na wake kafin a buɗe maka. Auta ce ma ta fi su iya Pac-Man. A shago kuma na canza yadda nake karɓar aikin kicin, ina roƙon maigida ya bar ni in zo lokacin da uwargida ke girki in zauna ko awa ɗaya ce kafin in fito da tef, wasu suna mamaki, wasu matan kuma sai ka ga sun saki jiki suna nuna mini inda suka daɗe suna bugewa. Makon jiya Yaya ta kira ni ta ce in na samu lokaci in zo in sa mata ƙugiya uku a ƙarƙashin akwatin, wurin ya yi mata daidai da rataye ludayi da matsami.