Tsiron al'aura: yadda nake zaɓen magani da inda ake yawan kuskure

Wajen duba masu tsiron al'aura, abin da na fara koya shi ne kada a yi garajen sa magani. Ba kowane ƙurji a gaba ba ne tsiron HPV, wato ƙwayar cutar da ake ɗauka ta saduwa wadda ke kawo tsiron al'aura. 'Yan ƙananan ƙurajen nan da ke jeruwa a gefen kan azzakarin wasu maza halitta ce, ba sa buƙatar komai. Tunjere kuma yana fitar da tsiro mai faɗi da danshi wanda ke ruɗar ido, shi ya sa nake sa a yi gwajin jini na tunjere da na ƙanjamau tun farko. Tsiron da ya yi baƙi, ko yake zubar da jini, ko ya zama gyambo, ko ya yi tauri ya manne, ba na taɓa shi sai an yanki ɗan nama an kai gwaji.

Nau'i na 6 da na 11 na HPV ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na wannan tsiro. Duk maganin da muke da shi tsiron yake cirewa, ƙwayar na nan cikin fata sai garkuwar jiki ta ci ƙarfinta. Nakan faɗi wannan tun ranar farko, domin tsiron kan dawo, galibi cikin wata 3, kuma wanda ba a sanar da shi ba sai ya ɗauka magani ne bai yi ba, ko ya fara zargin abokin zama.

Tsiro mai laushi a wuri mai danshi shi ya fi jin maganin shafawa. Podofilotoksin na ruwa mai ƙarfin kashi 0.5, ko kirim mai kashi 0.15, ana ɗiga shi a kan tsiron kaɗai sau 2 a rana har kwana 3, a huta kwana 4, a maimaita har zagaye 4. Kada ruwan ya wuce mililita 0.5 a rana. A nan ne na fi ganin ɓarna: mutum ya ƙagu, ya tsallake kwanakin hutu ko ya malale wurin da magani, fata mai lafiya ta saluɓe. Na koyi sa na farko da hannuna, mai shi yana kallo a madubi. Mai juna biyu ba ta amfani da shi ko kaɗan.

Imikwimod mai kashi 5, wanda aka sani da Aldara, garkuwar fata yake zaburarwa, don haka aikinsa a hankali ne. Sau 3 a mako lokacin kwanciya, a wanke bayan awa 6 zuwa 10, har mako 16. Jan fata kaɗan ba abin tsoro ba ne. Idan wurin ya ɗaye, a huta 'yan kwanaki. Yana raunana kwaroron roba, abin da ake yawan mantawa a faɗa.

Tsiro busasshe mai tauri kuwa bai cika jin kirim kamar mai laushi ba. Nakan ƙandarar da shi da ruwan naitrojin har farin ƙanƙara ya ɗan zarce gefensa, a maimaita bayan mako 1 ko 2. Akwai zafi, wani lokaci da bororo. Asid ɗin TCA mai kashi 80 zuwa 90, wani ruwa mai ƙone tsiro, shi ma a asibiti ake sa shi, mako-mako, ɗan kaɗan a bakin tsinke, a bari ya bushe ya yi fari kafin mutum ya tashi. Ruwa-ruwa ne, yana gangarawa, don haka nake ajiye sabulun ruwa a kusa don kashe ƙarfinsa. Waɗannan biyu, naitrojin da TCA, su nake yi wa masu ciki. Manya ko masu yawa sai a kashe wurin da allura, a yanke ko a ƙone da na'ura.

In an kammala zagayen magani ba canji, hanya nake sauyawa, ba yawan magani nake ƙarawa ba. Ina hana aske gashin wurin, don reza na yaɗa shi, da maganin tsiron hannu da ƙafa, don yana ƙona al'aura. Rigakafin Gardasil na kare wanda bai kamu da nau'i na 6, 11, 16 da 18 ba, amma ba ya cire tsiron da ya riga ya fito. Mace kuma ta ci gaba da gwajin bakin mahaifa a kan kari.